Zaɓen Injin Goge Katako na Kan Tebur da Yadda Ake Aiki da Shi

Abin da ya bambanta wannan inji shi ne sandarsa mai sanye da sanfefa tana juyawa, tana kuma hawa da sauka a lokaci guda, wanda hakan ke hana katako ƙonewa, ya kuma sa sanfefar ta cinye daidai. An yi shi ne domin goge cikin lanƙwasa, inda hannu yake wahala.

Wajen saye, a fifita mai teburin ƙarfe mai nauyi, domin ba ya rawa, mai sanduna masu kauri daga rabin inci zuwa inci 3, da kuma kafar zuƙe ƙura.

Kafin a canza sanda, a zare fulogi. A ɗauki sanda mafi kauri da za ta shiga lanƙwasar, a sa zoben da ya dace da ita, wato wanda ke rufe ramin teburi a kewayen sandar, don kada tazara ta cafke katakon, sannan a gwada miƙewarta da sukwaya, ma'aunin kusurwa na kafinta. A fara da sanfefa mai lamba 80 (mai kaushi), a gama da 150 (mai laushi), ana tura katakon a hankali saɓanin inda sandar ke juyawa. Tsayawa wuri guda kan bar rami. Takunkumi da tabarau wajibi ne, amma safar hannu haɗari ce, tunda sandar na iya fizgar ta.