Yadda za ka je ganin gida Katsina, ka sada zumunci, yara kuma su ga gari

Duk wanda aiki ko kasuwanci ya riƙe a Legas, Abuja ko Kumasi ya san hutu ba ya auki. Da ƙyar ake samun mako guda, dangi kowa na jiran a taka ƙofar gidansa, ga kuma yaran da aka haifa a can, ba su san Katsina ba sai a bakin iyayensu. Ana iya haɗa biyun a tafiya ɗaya, muddin dangi ne a gaba, yawon gari ya biyo baya.

Fara da zaɓen lokaci

Sallah ce ke tara mutane ba tare da an aika musu ba, kuma ita ce ke da hawa. Sai dai kuɗin mota kan tashi ana saura 'yan kwanaki, tasha ta cika maƙil, saboda haka ka taso da wuri. Dogon hutun makaranta na Agusta yana faɗowa tsakiyar damina. In danginka manoma ne, wuni za ka yi kana jiran su dawo daga gona. Ni dai, in ba hawan sallah nake son yara su gani ba, na fi son kaka: an kai amfani gida, hannu da ɗan abu, zafi ya sauka.

Sanar da babban gida, ka kuma tambayi hanya

Kada labarin zuwanka ya fara fitowa daga zauren WhatsApp na matasa. Ka kira Baba ko wanda ke riƙe da gidan, shi zai ce ga inda za ka sauka. Ko kana da halin kama otal, ka kwana gida daren farko. In ba haka ba za a ce wane ya fi ƙarfin ɗakin da aka haife shi.

A wannan kiran ne za ka tambayi lafiyar hanya. Yankunan Jibiya, Batsari, Safana da Ƙanƙara sun sha fama da 'yan bindiga, kuma lamarin yakan sauya daga mako zuwa mako, mutanen gida ne suka san inda ake ciki. Tafiyar dare kam a bar ta. Mai hali yana iya sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ya sauka Kano ya ƙarasa da mota da rana.

Tsaraba da kuɗi

Rubuta sunaye tun kana can, gida-gida. Turmin atamfa ga Inna da Gwaggo, shadda ko turare ga Baba da Kawu, sabulu da sukari ga gidajen da ke da yawan jama'a, alewa da biskit ga yara. Goro kuwa a saya a gida. Ka nemi canji, ƙananan takardu, domin barka da sallah, kada ka dogara da mai POS ranar idi. Sannan ka ware kuɗin komawa a wani aljihu da ba ka taɓawa. Buƙatu za su taso, na asibiti da na makaranta, mafi yawansu kuma gaskiya ne.

Gaishe-gaishe, bi da bi

Nan ne tafiya ke gyaruwa ko ta lalace. Ka zauna da wata babbar mace ta gidan daren da ka iso, ta lissafa maka wanda ya rasu, wadda ta haihu, wanda ke kwance, da wadda aka aurar tun zuwanka na ƙarshe. Mata sun fi maza riƙe wannan lissafi nesa ba kusa ba. Ta'aziyya ce farko, ko da an shekara da rasuwar, ko da ka yi ta waya. Sai dubiya, sai barka. Bayan nan ka bi manya gwargwadon girmansu, dangin uba da na uwa, kada ka wuce ƙofar Gwaggo ka je ta ɗanta don shi ne abokinka. Surukai su ma a ba su rana, ba ragowar yamma ba.

Ka koya wa yara gaisuwa tun kafin a taso: su durƙusa, su cire takalmi, su ce "ina kwana Kaka", su amsa da "lafiya lau". In Hausarsu ta karkace kakanni da taubasai za su tsokane su, wasa ne, ka gaya musu kada su yi fushi. Duk gidan da aka kawo fura ko tuwo a taɓa, ko loma biyu ce. Safiya ɗaya kuma maza su je maƙabarta a yi wa magabata addu'a.

In kana son taron dangi gaba ɗaya, ka bar babba ya kira shi, kai ka ɗauki nauyin abinci a ɓoye. Rigimar gado ko ta gona kada ta shigo wannan zama, a sa mata ranarta daban. Abin da ya fi amfani a wurin shi ne a sa tsofaffi su jero asalin gidan, wa ya haifi wa, daga ina aka taso, wani yaro ya ɗauka a waya bayan an nemi izininsu.

Sai a shiga gari

Kada ka tafi da yara kai kaɗai, ka roƙi wani dattijo ya raka ku. Ku fara da unguwarku: makarantar allon da ka yi, firamarenka, filin da kuka buga ƙwallo in ba a gine shi ba. Daga nan sai Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tun lokacin da Katsina ke karɓar malamai da fatake daga ƙetaren Sahara. Ku je da safe kafin rana ta yi zafi.

Ku biya ta Ƙofar Soro, gaban fadar Sarki, sannan tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Gidan tarihi ne yanzu. A mota kuma ka sa yara su riƙa ƙirga ƙofofin gari, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa. Ganuwar ce dai ta zube a wurare da yawa, gidaje sun cinye gurbinta, abin takaici. Dattijon da ke tare da ku zai nuna musu inda ta bi, ya kuma ba su labarin Waliyyi Ɗan Marina da Ɗan Masani.

In sallah ce, ka tabbatar za a yi hawa kafin ka yi wa yara alkawari, domin akan dakatar da shi wasu shekarun. Ku kama wuri da wuri, nesa da inda dawakai ke sukuwa, ka sa lambar wayarka a aljihun kowane yaro.

Kwana ɗaya ya isa Daura, a je a dawo. Can ne rijiyar Kusugu take, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. An yi mata gini, kuma har yau akwai ruwa a cikinta.

Sallama

Ka yi ta tun ana gobe za ka tafi, ka sake bin manyan da ka fara gaisarwa. Abin da za ka bar wa tsofaffi ka damƙa musu hannu da hannu, ba a gaban jama'a ba. Ka bar wuri a bayan mota, domin za a haɗo ka da gero, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da man shanu, kuma ba a cewa a'a. Man shanun a ɗaure bakin robar da leda sosai, a ajiye shi nesa da kayan sawa.