Yadda Ake Sanya Adon Harshe a Ƙagaggen Labari da Tarihin Rayuwa

Na daɗe ina duba rubuce-rubucen matasanmu na Aboabo da Asawase a nan Kumasi, kuma kuskurensu kusan ɗaya ne: kowace budurwa fuskarta kamar wata ɗan daren sha huɗu, kowane mai baƙin ciki hawayensa kamar ruwan sama.

Da farko, ka rubuta labarin tsurarsa, ba tare da kamantawa ko siffantawa ba, har ka kai ƙarshe. Daga nan ka nemi wurare biyu ko uku inda zuciyar mai karatu ya kamata ta motsa, domin nan kaɗai ado yake da aiki.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi ba ni wahala, wato zaɓen abin da za a kamanta da shi. Dole ne hoton ya fito daga duniyar wanda ake magana a kansa. Lokacin da nake rubuta tarihin kakata, wadda ta yi shekaru tana sayar da goro, na ce haƙurinta kamar dutse yake, kuma duk wanda ya karanta bai gan ta a ciki ba. Da na zauna na tuna yadda take buɗe huhu da asuba, tana yayyafa ruwa, tana tsince goron da ƙwaro ya ci don kada ya ɓata sauran, sai na rubuta cewa haka take tsince ɓacin rai daga cikin gida kafin ya yaɗu. Ƙanwar mahaifina da ta karanta sai ta ce, "Wannan Hajiya ce sak." Saboda haka, mai sayar da waakye (shinkafa da wake) ka ba ta jan da karan dafi ke sa wa shinkafa, direban trotro (motar haya) ka ba shi cunkoson kasuwar Kejetia. Ƙaramin littafi a aljihu ya isa wajen tara irin waɗannan, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

A tarihin rayuwa kada ka yarda kambamawa ta canza abin da ya faru. Mutuntarwa kuwa, irin a ce hunturu ya ƙwanƙwasa ƙofa, sau ɗaya a babi ta wadatar.

Daga ƙarshe ka karanta da babbar murya, ka soke duk "kamar" da "tamkar" da suka zo biyu a jimla ɗaya.