Yadda za ka zaɓi ƙaramin kulob a Ingila ka bi shi da gaske

Duk wanda ka tambaya kulob ɗinsa sai ka ji Arsenal ko Man United ko Chelsea, toh ba laifi kowa da abin da ransa ke so, amma wallahi akwai wata duniyar ƙwallo a ƙarƙashin Firimiya da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba, kuma ni dai tun da na leƙa ta ban iya fita ba. Riƙe babban kulob ɗinka, ba wanda ya ce ka sake shi. Kawai ka ƙara da ƙarami guda ɗaya, ɗaya tak, ka bi shi kaka guda cur ka gani.

Da farko sai ka gane yadda tsanin yake, in ba haka ba tebur zai riƙa rikita ka. Firimiya kulob 20 ne, a ƙasanta Championship, sai League One, sai League Two, kowacce kulob 24, in ka haɗa duka 92 kenan. A ƙasan su kuma akwai National League wadda ita ce mataki na biyar, daga nan abin ya yi ta rassa har ƙasa can inda ɗan wasa zai tashi daga aikinsa na rana ya zo atisaye da yamma. Wasa 46 ake bugawa a kaka ba 38 ba, shi ya sa kusan kullum akwai wasa, Asabar da rana Talata da dare. A League One biyun farko suna hawa kai tsaye, na 3 zuwa na 6 su yi wasannin cike gurbi, huɗun ƙarshe su gangara. A League Two uku ne ke hawa kai tsaye, na 4 zuwa na 7 cike gurbi, biyu su faɗa National League, kuma wannan faɗuwar ita ce kowa ke tsoro saboda ƙofar dawowa ƙanƙanuwa ce, kulob biyu kacal ke fitowa a shekara. Ka duba 2023, Notts County ta tara maki 107 amma ba ta hau kai tsaye ba don Wrexham ta tara 111, sai da ta je Wembley ta sha da ƙyar a bugun fenariti da Chesterfield.

Yanzu zaɓen kansa, a nan ne mutane ke kuskure. Kar ka buɗe tebur ka ɗauki wanda ke sama, domin a waɗannan gasanni na saman bana shi ne na tsakiyar baɗi, 'yan wasan da suka kai shi can manya sun saye su kafin watan Agusta. Labari za ka bi. Zauna ka karanta tarihin kulob huɗu ko biyar, wanda labarinsa ya tsaya maka a rai shi ne naka.

Ni AFC Wimbledon ce ta kama ni, bari in faɗa maka dalili. Tsohuwar Wimbledon ta kudancin Landan ita ce ta doke Liverpool 1-0 ta ɗauki kofin FA a 1988, John Fashanu na cikin 'yan wasanta a ranar. A 2002 aka ba masu kulob ɗin izinin kwashe shi zuwa wani gari daban, Milton Keynes, inda daga baya ya koma MK Dons. Magoya baya suka ce ba su yarda ba, maimakon su zauna suna kuka suka kafa nasu kulob ɗin a shekarar, suka kira gwajin 'yan wasa a fili kowa ya zo, suka fara daga mataki na tara, kuma a 2011 sun shigo League Two, shekara tara kenan, a 2020 suka koma unguwarsu a sabon filin Plough Lane, kuma har yau magoya baya ne ke riƙe da kulob ɗin. Duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

In kai mai son tsohon tarihi ne ga Notts County, tun 1862, daga wajenta ma Juventus ta samo rigarta mai ratsin baƙi da fari. In hawa da gangara kake so ga Luton Town, a 2014 ta fito daga mataki na biyar, a 2023 ta shiga Firimiya bayan ta doke Coventry a fenariti, sannan ta gangara sau biyu a jere ta tsinci kanta a League One a 2025, filinta Kenilworth Road ta tsakanin gidajen mutane baƙi ke shiga. Exeter City ma magoya baya ne ke da ita, a can Ollie Watkins ya taso. Charlton kuwa daga nan Ademola Lookman ya tafi Everton a Janairun 2017, lokacin suna League One. Wrexham fa? Kulob ne na Wales mai buga gasar Ingila, Ryan Reynolds da Rob McElhenney suka saye shi a 2021 ya hau sau uku a jere, ba zan hana ka ba amma a ganina wannan ba zai koya maka ainihin rayuwar ƙaramin kulob ba, don yawancinsu ba su da mai kuɗin da zai share musu hawaye.

Da ka zaɓa, abu na gaba ka nemo abokin hamayyarsa, kar ka ɗauki wannan da wasa. A ƙananan kulob hamayya ta maƙwabtaka ce, gari da gari, mutanen da ke aiki waje ɗaya ranar Litinin. Exeter da Plymouth, Oxford da Swindon, Blackpool da Preston, Wrexham da Chester da ke bakin iyaka, Bristol Rovers da Bristol City a gari ɗaya. Wani lokacin shekaru za su wuce ba su haɗu ba don ba matakinsu ɗaya ba, shi ya sa ranar da aka haɗu garin ba ya zama lafiya. Mu na Wimbledon da yawa ko sunan wancan kulob ɗin na Milton Keynes ba ma son kira. Ka san dalilin faɗan kafin ka sa baki, kuma ka tsaya a kan zolaya, zagi ba ya cikin abin.

Batun kallo kuma, gaskiya ba kowane wasa za ka gani a talabijin ba. Yawancin wasannin Asabar ƙarfe 3 na rana agogon Ingila ne, na Talata wajen 7:45 na dare, ka tuna suna canza agogo a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba kar ka zo an tafi hutun rabin lokaci. Shiga shafin kulob ɗin ka duba ko suna sayar da kallo ko sharhin murya ga na ƙasashen waje. In data ta yi ƙaranci bi sakamako a manhajar waya, bayan wasa ka shiga YouTube ɗin kulob ɗin, a nan suke sa ƙwallayen da hirar koci. Ka haddace sunan 'yan wasa goma sha ɗaya na farko a sati biyu, sannan ka lura da waɗanda aka karɓo aro daga manyan kulob, kar ka ƙwallafa rai a kansu don ana iya janye su a Janairu.

Sa alama a kalanda: watan Nuwamba kulob ɗin League One da League Two ke shiga zagayen farko na kofin FA, in sun ci wasa biyu sai zagaye na uku a Janairu inda manya ke shigowa, kuma ranar da ake haɗa jadawalin nan ji kake kamar kai ma kana cikin kwandon. Bradford City tana League One ta je Stamford Bridge a Janairun 2015, aka zura mata biyu, ta dawo ta ci Chelsea 4-2. Lincoln City daga National League ta kai kwata fainal a 2017. Kuɗin wasa ɗaya irin wannan yana iya ɗauke wa kulob nauyin watanni.

Sai maganar da ba daɗi amma dole ka riƙa bibiya, wato kuɗi. Ka san waye mai kulob ɗin, ka kasa kunne ko ana biyan albashi a kan lokaci. Kulob ɗin da bashi ya ci har aka miƙa shi ga masu kula da kadara ana cire masa maki 12, Luton ma an taɓa cire mata 30 a kakar 2008/09. Bury da aka kafa a 1885, mai kofin FA biyu, an kore ta daga gasar gaba ɗaya a Agustan 2019, mutanen garin suka wayi gari ba wasan da za su je ranar Asabar. Kusan kowane kulob yana da ƙungiyar magoya baya mai rajista, nemi ta naka ka bi sanarwarsu, su ne ke fara ɗaga murya in abu ya fara lalacewa. In kana da hali ka sayi riga daga shagon kulob ɗin kai tsaye ko ka biya kallon wasa ɗaya, fam goma a wajen Man City ba komai ba ne amma a League Two ana jin sa.

In ka shiga cikin magoya bayan a intanet ka gaishe su, ka faɗi daga nesa kake bi, ka tambayi waƙar da suke rerawa da kuma wasan da tsofaffinsu ba sa mantawa, za ka sha labari har ka gaji. Daga nan sai ka buɗe jadawalin kaka ka nemo ranar wasan hamayya, gida da waje, ka rubuta su a wayarka.