Darasi na 6: Ciwon Kogunan Hanci

A cikin ƙasusuwan fuskarmu akwai koguna masu ɗauke da iska, huɗu a dama, huɗu a hagu: a kumatu, a goshi, tsakanin idanu, da can bayan hanci. Kowannensu yana yin majina, tana bi ta wata siririyar kafa ta sauka cikin hanci. Idan mura, ƙura ko hayaƙi suka kumbura wannan kafa, sai majina ta taru ta rasa mafita. Daga nan hanci ya toshe, fuska ta yi nauyi, musamman in an sunkuya. Wani ma haƙoransa na sama ne za su riƙa ciwo, ko ya daina jin ƙamshi.

Ku riƙe wannan da kyau: yawanci ƙwayar cutar mura ce, wato bairos, ke kawo ciwon, kuma yakan lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Antibayotik, wato maganin kashe wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, ba ya kashe bairos. Majina ta koma ɗorawa ko kore ba shi ke nuna ana bukatarsa ba. Abin takaici ne a ga mutum ya sayi kafso tun kwana na biyu, ya jawo wa kansa gudawa, ya kuma sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin.

Kulawa a gida

Wanke hanci da ruwan gishiri ya fi komai taimako. A tafasa ruwa na aƙalla minti 1, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A kofi ɗaya, kimanin mililita 250, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri. A sunkuya, a karkata kai, a tura ruwan a hankali ta kafar hanci ta sama da sirinji mai tsabta marar allura, ana numfashi ta baki. Zai fito ta ɗaya kafar. Sai a juya. Kada a taɓa yi da ruwan da ba a tafasa ba, domin ruwan da ciki ke iya ɗauka yana iya cutar da hanci. A haɗa sabo kullum.

A sha ruwa sosai, a huta, a ɗaga matashin kai da dare, a ɗora tsumma mai ɗumi a fuska. A guji hayaƙin taba. Surace yana sa wasu jin sauƙi, amma ban da yara, saboda ƙuna.

Don ciwo da zazzaɓi, babba zai iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 1 ko 2, bayan kowace awa 6. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Feshin buɗe hanci kuwa, kada ya wuce kwana 3, domin in an daɗe a kansa toshewar takan dawo fiye da da.

Yaushe za a je asibiti?

Idan kwana 10 sun cika babu sauƙi. Ko an fara warkewa sai ciwon ya dawo da ƙarfi. Ko zazzaɓi ya kai digiri 39 tare da majina mai kauri har kwana 3. A nan ana zargin bakteriya, likita zai iya rubuta antibayotik irin su amoksisilin. A sha yadda ya ce, kada a raba da kowa. Ciwon da ya haura mako 12 yana bukatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya duba ko akwai tsiro a ciki.

Amma idan ido ya kumbura ko ya yi ja, ko ana ganin abu biyu-biyu, ko wuya ya sanƙare, ko mutum ya ruɗe, ko kai ya yi matsanancin ciwo, ba a jiran gobe. Kogunan nan suna maƙwabtaka da ido da ƙwaƙwalwa. A tafi nan take, ko da tsakar dare ne.

Aikin aji

Idan mura ta fara ranar Litinin, wace rana ce ta 10? Ku rubuta amsar a littafinku.