Yadda Ake Kallon Zanen Matan Sabin

In ka shiga gidan tarihi na Louvre a Paris, kada ka matsa kusa da wannan zane na Jacques-Louis David na 1799. Ja da baya, domin faɗinsa ya haura mita 5.

Fara da matar tsakiya mai fararen kaya, Hersiliya, ta ware hannaye tana raba mijinta Romulus, sarkin Romawa, da mahaifinta Tatiyus, sarkin Sabin. A tatsuniyar kafuwar birnin Roma, Romawa ne suka sace matan Sabin, wata ƙabila maƙwabciyarsu, iyayensu suka zo ramuwa. Duba garkuwar Romulus, za ka ga kyarkeciyar da aka ce ta shayar da shi yana jariri. Sannan ka sauke ido ƙasa. Ni jariran nan da ke tsakanin ƙafafun mayaƙa suka fi taɓa ni, a kansu nake so ka daɗe.