Yadda ake sharhin komik da zanen jaruman da masoya ke ƙirƙira

Abin da ke damuna kullum shi ne, matashi zai kwashe kwana uku ko huɗu yana zana jarumin da ya ƙirƙira da kansa, ya yi mishi kaya, ya raɗa mishi suna har da tarihin yadda ya samu ƙarfinsa, ya fito da shi ya ce jama'a me kuka gani, sai ka ga amsar ba ta wuce biyu ba, ko dai a ce mishi "kai wannan wuta ne" ko kuma wani ya ce "ai wannan Batman ne ka naɗa wa rawani." Shi ke nan fa. Na farkon bai ƙare shi da komai ba, na biyun kuma ko gaskiya ya faɗa bai nuna mishi inda zai gyara ba. Sharhi aiki ne, kuma tushensa ɗaya ne, ka faɗi abin da idonka ya gani a takarda, ka ɗora yatsa a wurin, sannan ka yanke hukunci.

Bari mu fara da komik ɗin kansa, wato littafin da ake ba da labari da zane. Ni sau uku nake karantawa kafin na ce uffan. Karon farko karatun jin daɗi ne kawai, amma ina lura da shafin da na ji hankalina ya fara tafiya wani wuri da kuma inda na tsinci kaina ina saurin buɗe na gaba. Karo na biyu shi ne mai muhimmanci, ka rufe duk maganganun, kar ka karanta ko kalma ɗaya, hotuna kawai za ka bi. In ka gane wa ya shigo, wa ya fusata, wa ya gudu, to mai zanen ya iya ba da labari. In kuwa sai da rubutu kake gane abin da ke faruwa to akwai matsala, ko da zanen ya kai kyan me. Karo na uku sai ka riƙe biro.

Kafin ka yabi wani ko ka kushe shi ka duba shafin sunaye tukuna. Komik ɗin Amurka yawanci aikin mutum biyar ne, marubuci, mai zanen fensir, mai bin zanen da tawada, mai sa kala, da mai rubuta kalamai a cikin balan-balan ɗin magana. Sau da yawa sai ka ji an ce zane ya yi duhu ba a ganin komai, a zagi mai fensir, alhali laifin mai kala ne. Kuma a kamfanin Marvel a shekarun 1960 Stan Lee kan ba da jigon labari ne a taƙaice, Jack Kirby ko Steve Ditko su zana shafukan gaba ɗaya, sai daga baya a sa magana, wato tsarin yadda labarin ke gudu daga akwatin hoto zuwa na gaba aikin mai zane ne. Wannan batun sunaye ba ƙaramin abu ba ne wallahi. Batman ya fito a 1939, an yi shekara da shekaru sunan Bob Kane kaɗai ake sawa, Bill Finger da ya yi babban aiki a kan kamannin jarumin da labarinsa ya rasu a 1974, sai a 2015 kamfanin DC ya fara sa sunansa. Dan Allah kar sharhinka ya maimaita irin wannan.

Sai tsarin shafi. Ka duba akwatunan nan da aka yanka shafin, nawa ne, wanne ne babba, me ya sa ya zama babba. Babban akwati kamar ɗaga murya ne, in kowane shafi ihu ake yi to babu wanda za a ji. Watchmen da Alan Moore da Dave Gibbons suka fara fitarwa a 1986 kusan duk an gina shi a kan akwati tara a shafi, uku-uku, shi ya sa duk lokacin da aka karya tsarin sai ka ji abin a jikinka. Ka kuma lura da ɗan farin filin da ke tsakanin akwati da akwati, nan ne ƙwaƙwalwar mai karatu ke cike gibi, a nan an ɗaga hannu a can mutum na kwance, naushin kai ka yi shi a ranka. In tsallen ya yi nisa mai karatu zai ɓace, in ya yi kusa da yawa zai gaji. Akwai kuma dabarar buɗe shafi, gwanaye kan ajiye abin mamaki a shafin da sai ka juya takarda za ka gani, don kar idonka ya riga ka. Balan-balan ɗin magana ma ka bi su ka ga ko idonka na tafiya daidai, ko kana karanta amsa kafin tambaya. In manga ce, wato komik ɗin Japan, ka tuna daga dama ake farawa, kar ka ce tsarin ya rikice alhali kai ne ka faro ta baya.

A labarin jarumai tambayata ɗaya ce, me zai iya cutar da wannan mutumin? Superman tun 1938 yake amma ba don yana ɗaga mota ake son shi har yau ba, akwai kryptonite, dutsen da ke karya mishi ƙarfi, akwai mutanen da yake ƙauna waɗanda harsashi na kama su. Spider-Man da ya zo a 1962 yana kama ɓarayi amma kuɗin haya na neman gagarar shi, ga tsohuwar da ta riƙe shi ba lafiya. In akta ba ya asarar komai to faɗan da ya yi da bos wasan yara ne. A wurin faɗan kuma ka duba ko kana sanin inda kowa yake tsaye, wasu masu zanen ƙura da walƙiya suke cika shafi da su don su ɓoye cewa ba su tsara filin ba.

Almarar kimiyya kuma dokokinta za ka kama ta da su. Ba ruwanka da ko abin zai yiwu a zahiri, abin dubawa shi ne ko labarin ya riƙe dokar da ya kafa wa kansa. In an ce jirgi na buƙatar wata shida kafin ya isa wata duniya, to kar a shafi na ashirin ya isa cikin dare ɗaya don kawai marubuci ya matsu. Sannan ka kalli bayan mutane, gine-gine, allunan talla, shara, abin da talakan garin ke ci. Judge Dredd na mujallar 2000 AD ta Ingila, wanda ya fara a 1977, rabin daɗinsa garin ne, Mega-City One, cunkoso da rashin aikin yi duk kana ganin su a bango kafin wani ya buɗe baki.

Toh yanzu mu zo kan zanen jaruman da masoya ke yi, wanda shi ne ya fi ci min rai saboda a nan ne ake kashe wa yara gwiwa. Da farko kar ka raina shi. Baƙaƙen kayan nan na Spider-Man da suka bayyana a 1984, waɗanda daga baya suka haifi abokin gabarsa Venom, asalin tunanin daga wani matashi mai karanta komik ya fito, ya aika wa Marvel, suka saya a kan dala 220 a 1982. Bayan fim ɗin katun na Spider-Verse na 2018 kuma dubban mutane sun zana kansu a siffar gizo-gizon, har Marvel ta ɗauki wasu ta sa a komik, cikinsu akwai Sun-Spider mai amfani da sanduna da keken guragu, wadda ta fito a fim na biyu a 2023. Saboda haka wanda ke gabanka da zanen biro a takardar makaranta ba wasa yake ba.

Gwajin farko inuwa ce. Ka ɗauka an shafe zanen duka da baƙi, saura siffar waje kawai, za a gane shi? Batman kunnuwa biyu masu tsini da alkyabba sun isa. In jarumin ya koma inuwar namiji mai ƙirji kamar sauran dubu to ka gaya wa mai shi, kuma ka nuna mishi inda zai iya fitar da siffa, kafaɗa, hula, makami, ko yanayin tsayuwa ma kawai.

Na biyu kala. Ka ƙirga su. Biyu ko uku sun wadatar, ɗaya ta mamaye, ɗaya ta tallafa, ɗaya ɗan ɗigo inda ake so ido ya sauka. A da injin buga komik kala huɗu yake haɗawa a takarda mai arha, shi ya sa jarumai suka yawaita da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, mugaye kuma kore da shunayya irin su Joker da Green Goblin. Hulk ma launin toka ne a fitowarsa ta farko a 1962, kalar ta ƙi zama daidai wurin bugu, daga fitowa ta biyu aka mai da shi kore. Yau babu wannan takurar amma idon mai karatu ya riga ya saba, don haka in wani ya sa wa jaruminsa kore da shunayya ka tambaye shi ko da gangan ne. In da gangan ne madalla.

Na uku, kuma wanda na fi tsayawa a kai, kayan su gaya min ko wane ne shi. Ditko ya rufe fuskar Spider-Man gaba ɗaya, sai ya zama babu mai sanin yaro ne a ciki. Dredd ba a nuna fuskarsa saboda shi doka ce ke tafiya da ƙafa. To kai naka me ya sa yake da abin da yake da shi? Ina ganin zane da yawa na yaranmu, a sa dagin arewa a ƙirji, a naɗa rawani, a rataya takobi, kuma ina jin daɗin ganin su sosai, amma sai na tambaya wa ya ɗinka mishi kayan nan, da wane kuɗi, a wane zafi zai sa su. Ɗan sarki da ɗan kasuwar waya ba za su yi shiga ɗaya ba. In mayaƙi ne ai muna da sulke da lifidi da kwalkwali da garkuwa, kowanne da aikinsa, lifidi mai kaurin auduga don kibiya, kuma nauyinsa zai canja yadda mutum ke motsi. Wanda ya je ya kalli mahaya a hawan sallah ya zana abin da ya gani zai fi wanda ya kwafi jikin Batman ya liƙa ado a kai. Roye Okupe ya yi irin wannan da Malika, wadda ya samo tushenta daga Sarauniya Amina ta Zazzau, bai tsaya a ado ba ya gina mata masarauta da rikicinta.

Na huɗu gajere ne, za a iya zana shi sau ɗari? A komik ɗaya mai shafi ashirin jarumi zai fito ta gaba, ta baya, daga sama, yana gudu. Bel bakwai da aljihu goma sha biyu suna kyau a hoto ɗaya, a shafi na biyar mai zanen zai fara jefar da su. Ka nemi ganin shi ta gefe da ta baya. Ka kuma duba ko kullum hannu na aljihu ƙafa na cikin hayaƙi, alama ce ta wurin da mai zanen ke gudun zanawa, kuma nan ya fi buƙatar taimako.

In sabon salo aka yi wa tsohon jarumi, ka fara tantance abin da ba ya taɓuwa a jikinsa sannan ka ga ko an riƙe. A wurin Miles Morales, sabon Spider-Man da Sara Pichelli ta zana a 2011, an juya kala zuwa baƙi da ja amma manyan fararen idanun nan da alamar gizo suna nan, kallo ɗaya ka san gidan da ya fito. Koyi da gwani ba laifi ba ne, kowa haka ya fara. Ɗora takarda a kan zanen wani a bi layi a ce nawa ne shi ne laifi, kuma kar ka zargi kowa da shi sai kana da asalin hoton a hannu.

Wajen rubutawa ka fara da sunan littafin, lamba ta nawa, shekara, da waɗanda suka yi. Jigon labari layi uku ya isa kuma kar ka fasa ƙwai, in dole ne ka yi gargaɗi tun a sama. Hoto biyu ko uku za ka nuna ba littafin duka ba, mutane ne suka ci wuya a kansa. Maki bakwai cikin goma ni bai dame ni ba, ka gaya min wa zai ji daɗin littafin, wa kuma zai yi asarar kuɗinsa.

Ga mai zanen da ba sana'arsa ba ce kuwa, ka fara tambaya ko gyara yake so ko nunawa kawai ya yi, kuma kar ka yi zane a kan aikinsa sai da izininsa. In ya ce yana so, gyara ɗaya ko biyu za ka ba shi, ba goma ba. Misali ka ce, ƙanena rawanin nan ya fitar da inuwarsa sosai ko daga nesa zan gane shi, kar ka taɓa shi, amma kala shida na ƙirga kuma jan takalmin na janye ido daga fuska, gwada mai da takalmin baƙi ka bar jan a ƙirji kawai, sannan ka zano min shi ta baya yana gudu mu ga yadda jelar rawanin za ta yi da takobin.