Zafin ɗaukewar al'ada ga mai raunin tayirod: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Raunin tayirod sanyi yake sa wa mutum. Wannan ɗan naman da ke gaban wuya, wanda in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo, shi ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki. In ya gaza sai wutar ta yi ƙasa, a ga kasala, jin ɗari, bushewar fata, taurin bayan gida da ƙarin nauyi. Saboda haka in kina da wannan lalura kuma zafi ya fara taso miki daga ƙirji zuwa wuya da fuska, gumi ya karyo, bayan minti 1 zuwa 5 ya wuce ya bar ki kina rawar sanyi, da wuya a ce raunin ne ya kawo shi. Galibi ɗayan biyu ne: ko dai al'ada ta kama hanyar ɗaukewa, abin da kan faru tsakanin shekara 45 zuwa 55, ko kuma maganin tayirod ɗin da kike sha ya yi miki yawa. Wani lokaci duka biyun ne suka haɗu. Yawancin kurakuran da ke tafe daga kasa rabe waɗannan biyu suke tasowa.

Na farko, kuma wanda ya fi damun mu, shi ne mace ta rage ƙwayar levothyroxine, wato maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, da kanta, ko ta riƙa tsallake kwana, wai don zafin ya lafa. Maganin nan ba ya fita daga jini da wuri. Sai an yi kusan kwana 7 kafin rabinsa ya fita. Ƙwayar da kika ƙi sha yau ba za ta hana gumin daren yau ba. Abin da zai faru shi ne bayan wasu makonni kasala da mantuwa da baƙin ciki su dawo, ga zafin yana nan daram. Gyaran shi ne gwajin jini na TSH, tare da T4, wato sinadarin tayirod ɗin kansa, in likita ya ga da buƙata. TSH saƙo ne da wani ɗan nama a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod yana cewa ƙara aiki. In ya hau, magani bai isa ba. In ya faɗi ƙasa, ya yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji ana son a gan shi wajen 0.4 zuwa 4.0, ko da yake kowane ɗaki da nasa ma'aunin a jikin takardar sakamako. In za a canza adadin maganin, kaɗan-kaɗan ake yi, maikirogiram 12.5 ko 25, sannan a jira mako 6 zuwa 8 a sake gwaji. Gwajin da aka yi kafin nan ruɗi kawai zai kawo, don jiki bai gama daidaita ba.

Akwai kuma kishiyar wannan: a ɗora komai a kan shekaru, a ce ai girma ne, alhali magani ne ya wuce kima. Ana iya hasashen bambancin tun a gida. Zafin ɗaukewar al'ada zuwa yake ya wuce, tsakanin wannan da wancan jiki lafiya lau, kuma yakan zo tare da rikicewar kwanakin al'ada. Zafin yawan magani ba ya sakin mutum, wuni guda ake yi da shi, ga zuciya na dukan uku-uku ko ana zaune, hannu na karkarwa, bayan gida ya yi laushi, jiki na ramewa duk da ana ci. Ki miƙa hannuwanki gaba, ki ɗora takarda a bayan tafi; in tana kaɗawa, ki gaya wa likita. Ki kuma ƙirga bugun jijiyarki na minti ɗaya bayan kin huta. In yana yawan haura 100, kada ki jira ranar da aka ba ki. Abin ba na wasa ba ne. TSH da ya daɗe a ƙasa da 0.1 yana jawo rikicewar bugun zuciya, yana kuma zaizaye ƙashi a daidai lokacin da raguwar isturojin, sinadarin jikin mace da ke ja baya in al'ada za ta ɗauke, ta riga ta fara cinsa. Wadda ta rage nauyi sosai ma ta lura, don buƙatar maganin tana bin nauyin jiki, kusan maikirogiram 1.6 ga kowane kilo ga wadda tayirod ɗinta ya daina aiki gaba ɗaya. Adadin da ya yi miki daidai shekara 5 baya yana iya fin ƙarfinki yau.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne lokacin da aka fara maganin isturojin don kashe zafin. Shi ne magani mafi ƙarfi ga wannan matsala, kuma raunin tayirod bai hana a sha shi ba. Sai dai hanyar da ya shiga jiki tana da tasiri. Ƙwayar isturojin da aka haɗiya hanta take fara bi, sai hanta ta ƙara fitar da wani furotin mai ɗaure sinadarin tayirod a cikin jini. Wanda aka ɗaure ba ya aiki. Mace mai lafiyayyen tayirod sai nata ya ƙara fitarwa ya cike gurbin. Ke kuwa abin da ke cikin ƙwayar levothyroxine kaɗai gare ki. Sai a ga zafi ya tafi amma gajiya ta dawo, a ce maganin isturojin ne bai karɓe ta ba, a jefar da shi, alhali ɗan ƙarin levothyroxine kawai ake buƙata. Don haka a auna TSH mako 6 zuwa 8 bayan farawa. Na mannawa a fata da na shafawa ba sa bi ta hanta da farko, tasirinsu a nan kaɗan ne, shi ya sa muke ganin sun fi dacewa da mai shan levothyroxine in babu wani dalilin da ya hana. Kuma a tuna da ranar dainawa: in an ƙara miki levothyroxine saboda ƙwayar isturojin, sannan kika bar ƙwayar, ƙarin nan zai zama rara, zafi da faɗuwar gaba su taso ki zaci tsohon ciwo ne ya dawo. Wadda mahaifarta ke nan ba ta shan isturojin shi kaɗai, dole a haɗa mata da furojestaron, wani sinadarin jikin mace, don kare bangon mahaifa.

Sai batun yadda ake shan ƙwayar. Da ruwa zalla ake sha, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ko kuma da dare bayan awa 3 zuwa 4 da cin abincin ƙarshe. Kofi yana rage shigarta jiki, haka ma waken suya, wanda mata da yawa ke ƙara ci a wannan lokaci da fatan zai sassauta zafin. Ba a ce ki bar shi ba, ki dai nisanta shi da lokacin ƙwaya, kuma kada yau ki ci da yawa gobe ki daina. Ƙwayar kalsiyam da ake ba mata don ƙashi, da maganin ƙarin jini da ake ba wadda al'ada ke yi wa ambaliya kafin ta ɗauke, da magungunan ƙwannafi masu alminiyam ko magniziyam, duk suna kama levothyroxine a hanji. A sa awa 4 tsakani. Ga yadda abin ke rikiɗewa: mace na haɗa ƙwayarta da kalsiyam, TSH ya hau, likita ya ƙara magani, daga baya ta daina kalsiyam ba ta faɗa ba, maganin ya shiga jiki gaba ɗayansa, zafi ya taso.

Biotin, wanda ake sha don gashi da farce, ba ya taɓa tayirod amma yana ruɗa na'urar gwaji a ɗakuna da yawa, TSH ya fito ƙasa, T4 ya fito sama, kamar magani ya yi yawa. A dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini. In za a auna T4, a ɗebi jinin kafin ki sha ƙwayar safe.

Haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan ƙarfafa tayirod mu dai ba ma ba da shawarar su. Da yawansu cike suke da aidin daga ciyawar teku. Babba maikirogiram 150 yake buƙata a rana, kuma ga mai cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke yaƙar tayirod, yawan aidin yana iya ƙara dagula lamarin. Cikin magungunan tsirrai, ashwagandha na iya ɗaga sinadarin tayirod, black cohosh kuma an danganta shi da lahani ga hanta a wasu mutane, amfaninsa ga zafin ma bai tabbata ba.

Wadda isturojin bai halatta gare ta ba, misali saboda sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya, kada ta ɗauka haƙuri kaɗai ya rage mata. Akwai magunguna irin su venlafaxine, escitalopram, gabapentin musamman ga gumin dare, da paroxetine, sai dai shi ba a haɗa shi da tamoxifen, maganin sankarar mama. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da fezolinetant, mai aiki kai tsaye a wurin da ƙwaƙwalwa ke daidaita zafin jiki. Mai shan sa dole a riƙa duba mata hanta.

Akwai wata wahala da ta keɓanta da ke: jiki mai saurin jin sanyi da kuma zafi mai zuwa ba sallama. Kuskuren shi ne rufa da bargo guda mai kauri ko sa riga guda mai nauyi. Mayafai marasa nauyi biyu ko uku sun fi, a yaye ɗaya a mayar, tufafin auduga a sa su hawa-hawa, ɗaki ya kasance da iska, ruwan sanyi da rigar canji a kusa da gado don ɗarin da ke biyo bayan gumi. Taba, barasa, yaji da abin sha mai zafi suna tayar da zafin ga mata da yawa. Ki rubuta na mako 2: lokacin da ya taso, abin da kika ci ko sha, bugun jijiyarki, da lokacin da kika sha ƙwaya, ki tafi wa likita da takardar.

Ba kowane gumin dare ba ne na al'ada ko na magani. In ya zo da zazzaɓi, tari da ya wuce mako 2, rama babu dalili ko ƙulli a wuya ko hammata, a bincika tarin fuka da sauran cututtuka. In zafin ya fara kafin shekara 40 tare da ɓacewar al'ada, a duba ko ƙwayayen haihuwa ne suka gaza da wuri, abin da ya fi samun masu Hashimoto, kuma yana buƙatar magani don kare ƙashi da zuciya. Jinin da ya dawo bayan wata 12 da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ne, a kai shi asibiti a makon.